Bakaniken da Ba Ya Duba Mota a Tsaye

Ina tsoron kada a rufe garejin nan a ƙarshen wata ba tare da wani ya ce wa mai shi an gode ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Kullum da safe Baba Sai-an-ɗora yakan buɗe ƙofar shi kaɗai, ya jera sifanoni a kan buhu, ya zauna a tsohuwar kujerar mota da kofin shayi guda. Mai ɗakinsa ta rasu, waɗanda ya koya wa aiki kuwa kowa ya kama gabansa. Direbobi ne suka laƙaba masa sunan, domin ba ya yanke wa mota hukunci sai an ɗora mata kaya.

Mahaifina direban babbar mota ne. Bara motar ta kama tari da fizga a hanya, amma da ta shiga gareji sai ta yi lafiya lau. An canza filta, an canza nozul, a banza. Mai motar ya fara cewa mahaifina ne ke gauraya mai, kuma tafiya ɗaya ta rage wa mahaifina kafin a karɓe makullin. Mahaifina ya daina cin abinci tare da mu.

Da muka kai motar wurin Baba, ya saurari injin, ya ce, “Direba, motarka kunyar baƙi take ji. Ɗora kaya mu tafi.”

Da ciwon gwiwarsa ya hau. A kan tudu tarin ya dawo. Ya sa aka tsaya, ya shige ƙarƙashi, ya bi tiyon mai da yatsa har ya taɓo inda ƙarfe ya cinye shi. Sai nauyi ya danne motar ne ramin ke buɗewa ya shaƙi iska.

Baba, kai ne ka je gaban mai motar da guntun tiyon a hannu, ka wanke mahaifina. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu gyara, ku bi mota inda take ciwo. Ku da ya yi wa aiki, ku leƙa shi.

Jiya na raka mahaifina wurinsa. Baba ya ce idanunsa sun gaji, gida zai koma.

“Wa ke gidan?” in ji mahaifina.

“Ni da rediyo.”

Mahaifina ya dubi kofin nan guda ɗaya, ya ce, “To, a nemo na biyu. Duk safiyar da ba na kan hanya, a wurinka zan karya.”