Mutumin da Ya Yanka Jakin Armiya'u

Duk wanda ya saba bi ta bayan tashar motar Kaura Namoda da hantsi ya san rumfar Malam Maccido. Kafin direbobi su gama shan koko ya share gabanta, ya jera gwangwanayen fenti, ya jiƙa burushi a kananzir. Sana'arsa rubutun allon shaguna da jikin manyan motoci. Bayan azahar sai ya jawo akwatinsa na katako ya koma ɗaya aikin, wanda ba ya kawo masa ko goro: ɗinke littattafan yara da allura da zare, da yi musu bango. A bana ya rufe rumfar. Ido ya ƙi, har ba ya rarrabe ja da ruwan ƙasa. Ban ji wanda ya yi masa taro ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Mu 'yan kaɗan ne, malaman firamare daga Kaura da Shinkafi da Zurmi, da muka ga yaranmu ba su da abin karantawa da Hausa sai abin da ke kan allo. Lokacin an ba mu sabuwar jiha, kowa ƙirjinsa cike da buri. Muka shiga rubuta 'yan labarai, a buga a Gusau, a kai makarantu iyaye su saya. Ni daga Zurmi nake zuwa, Malama Bara'atu tana nan cikin Kaura. Rumfar Maccido ce wurin taronmu, shi ne kuma mai raba mu in mun kaure da gardamar wa ya fi wani iya labari, abin da marubuta ba sa gajiya da shi.

Zane kuwa na Armiya'u ne, mutumin Shinkafi. Shan inna ya cinye masa ƙafafu tun yana yaro, Allah ya mayar masa a hannu. In ya zana jaki sai ka matsa kada ya harbe ka. Maccido ne ya gan shi yana yi wa mai shayi allo a kasuwa, ya kawo shi cikinmu. Da zanen nan ya yi aure, da shi yake ciyar da matarsa Uwani da 'ya'yansu. Bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma da wannan yake tinƙaho.

Da aka ƙaddamar da Shari'a muna cikin masu murna, har yau kuma ban sauya ba. Sai dai a irin wannan lokaci kowa yakan zama malami. Magana ta fara yawo cewa duk littafin da ke da hoton abu mai rai bai halatta a ajiye shi a gida ba. Babu hukumar da ta hana mu, babu wanda ya kira mu. Tsoro ne kawai ya shiga mutane. Iyaye suka fara maido da littattafai, hedimastoci suka ɗaure sauran da igiya suka aiko mana a motar kasuwa. A wani ƙauye ma wuta aka sa musu. Rumfar ta cika da ɗauri har babu wurin shimfiɗa tabarma.

Shawarar da ta fi rinjaye a cikinmu ita ce a bar hoto, a koma rubutu zalla. Mu marubuta ba abin da za mu rasa. Armiya'u ne zai rasa abincinsa, kuma kowa ya san inda gurgun da ba shi da sana'a yake ƙarewa.

Maccido ya ƙi. Ya ja ni muka je wurin wani dattijon malami a Kaura. Malam ya ce malamai sun yi saɓani, da yawa sun sassauta a kan abin yara, amma ga wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, akwai masu cewa in aka ja layi ya raba kai da jiki, hoton ya tashi daga siffar mai rai. Maccido ya bi hedimastoci ɗaya bayan ɗaya da wannan magana. Suka ce in dai iyaye za su ga layin da idonsu, a maido da littattafan.

Saura Armiya'u. Muka same shi a zaurensa a Shinkafi, Maccido ya yi masa bayani.

"Malam Maccido, wanga jaki ni naz zana shi," in ji Armiya'u. "Yanzu kac ce in sa mai wuƙa?"

"Layi na, Armiya'u, ba wuƙa ba."

"Ga yaro wuƙa ta. Ba ni yi. In kuma kay yi, ba ni ba kai."

"To ɗiyanka fa, mi za su ci?"

"Allah ka ciyarwa, ba kai ba."

Maccido ya tashi ya fita. Ya dawo Kaura ya ɗauki rula da biro, ya kwance ɗauri na farko. Makonni ya yi yana wannan aiki, shafi bayan shafi, ya bar motocin mutane suna jira. Jaki, kaza, kura, manomi a gona, duk ya ja musu layi a wuya. Gizo kaɗai ya tsira, don ba wanda ya san inda wuyansa yake. Malama Bara'atu ta ce ta tarar da shi wata rana ya ɗora rula a wuyan hoton wata 'yar yarinya mai ɗauke da tulu, hannunsa ya tsaya cak, hawaye na bin gemunsa. Ya ce mata, "Malama, ki juya, kar ki gani." Ta juya, ta ji ƙarar biro a kan takarda.

Littattafai suka koma makarantu. Ranar da aka raba su a ajin Bara'atu, yara suka ɗauki kuka wai an yanka jaki, wasu suka ƙi buɗe shafin. Amma an karanta, iyaye sun saya, aka kuma nemi sababbi. Armiya'u ya ci gaba da zane. Yakan ba direba ya kawo, dabbobinsa lafiya lau, Maccido ya ja layin kafin a kai Gusau. Haka aka yi shekaru. Daga baya ƙura ta lafa, mutane suka daina tambaya, aka bar jan layi. Armiya'u kuwa bai sake zuwa rumfar ba, bai sake amsa sallamar Maccido ba.

Mun so mu shiga tsakani, Maccido ya hana. "Ku bar shi, gaskiya garai," in ji shi. "Da ba shi jin zahin abin ga, da bai iya zane hakanan ba."

Malam Maccido, kai ne garkuwar da ta sha sara a madadin mai ita. Kai ka nemo Armiya'u, kai ka fi kowa son zanensa, kai kuma ka ɓata shi da hannunka don gidansa ya tsaya. Mu muka sa sunayenmu a bangon littattafan da ka ɗinka, naka ba ya ko ɗaya. Abin yana yi mini ciwo, kuma ba ni da abin ba ka sai wannan 'yar takarda da wani zai karanta maka. Mun gode. Allah ya saka maka, ya haskaka maka abin da ido ya daina gani. Ku kuma masu tasowa, masu rubutu da masu zane, in irin wannan rana ta zo wa ɗayanku, kada ku zaɓi shawarar da ba ta taɓa ku ba. A samu wanda zai ɗauki aikin da ba a so, ko da za a tsane shi a kansa.

Kafin in rubuta wannan na je Shinkafi, na roƙi Armiya'u ya ba ni ko kalma ɗaya in sa. Ya ce, "Ka hwaɗa mai na san abin da yay yi. Gidan ga da hannunai yat tsaya, ba da nawa kaɗai ba. Amma har yau ba ni iya gaisawa da hannun nan."

Na kai wa Maccido saƙon yadda aka ba ni, ban rage komai ba. Ya juyo da fuskarsa inda yake jin muryata.

"Ashe ya yi magana," in ji shi. "To ɗiyan nai, suna lahiya?"