Dashen Kwakwa daga Bakin Teku

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Zaitawa a Kano, ni da wani abokina mai fataucin goro. Inna ta rako mu har zaure, saƙonta ɗaya: "Ka dawo min da yayanka, ko a buhu ne." Yayan nawa ya daɗe yana aikin lambu a bakin teku, can gaba da Legas. Kowace Sallah sai ya ce ta baɗi zai zo.

Kuɗin mota ya ninka na bara, ramukan hanya ma ba su yarda an bar su a baya ba. A Lokoja muka sayi soyayyen kifi, tsadarsa ta sa abokina ya tsotse har ƙaya. Daga nan ƙasa ta yi kore shar, gumi ya manne mana riga a baya.

Na tarar da Yaya a lambun wani otal, furfura ta cika masa kai, yana ɗaure ƙananan dashe a jikin turaku. Kwakwar ado yake shukawa, wadda ba a cin 'ya'yanta. Iskar teku ta kusa raba ni da hulata, manyan bishiyoyin kuwa sai su rusuna su miƙe kamar masu gaisuwa. Na ga ɗaurinsa sako-sako, na ce ko ƙarfi ne ya ƙare? Ya yi dariya. "In ka ɗaure tamau ba ta saiwa. Sai iska ta jijjiga ta take kama ƙasa."

Ya tambayi gurasa, ya tambayi rijiyar gidanmu, ya tambayi waɗanda suka rasu a unguwa. Da na isar da saƙon Inna sai ya nuna mini ƙananan dashen. "Waɗannan jarirai ne, ƙanena. In na tafi yanzu iskar damina za ta kwantar da su. Bari su kama."

Na ɗaga kai na dubi waɗanda suka ɗara bene tsawo, duk shi ya dasa su. Ina tsaye a gabansa kewarsa ta kama ni.

Dashe ɗaya ya ba ni a leda, na riƙo shi a cinya har Kano. An ce tafiya mabuɗin ilimi. Ni dai na koyo cewa mutum ma yana saiwa a inda iska ta jijjiga shi.

Inna ta leƙa bayana, ta ga zaure wayam. Ta karɓi ledar, ta sa na faɗa mata duk abin da ya ce. Ta dasa kwakwar a inda take alwala. Tsakar gidanmu katanga ta tare iska, don haka kullum bayan asuba nakan same ta a durƙushe, tana jijjiga dashen da hannunta a hankali.