Na Hana Ɗana Magani Saboda Sahun Asuba

A lokacin ni kafinta ne a Ƙofar Dumi, ina da 'ya'ya biyar, kuma gidana gidan doka ne. Kowa da lokacin tashinsa, kowa da aikinsa. Babban abin alfaharina shi ne kullum da asuba ni da ɗana na fari muna sahun gaba a masallaci.

Yana shekara goma sha biyar abin ya fara. Da farko ya daina wanka, sannan ya daina zuwa wurin abokai, daga nan muka riƙa jin yana magana shi kaɗai, wai wasu na zaginsa ta cikin bango. Na ce ƙwaya yake sha, na sa masa bulala. Da abin ya ƙi, na kai shi ruƙiyya wata uku. Sai ƙanwata, ma'aikaciyar jinya, ta zo daga Gwallameji ta ce in dai ni yayanta ne in bari ta kai shi asibiti. Likita ya daɗe yana bincike, ya tabbatar ba ƙwaya ba ce, sannan ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne mai suna sikizofireniya. Ya rubuta magani, ya ja kunnena kada a daina sai da saninsa.

Yaron ya samu sauƙi har ya koma makaranta. Amma maganin na sa shi barci mai nauyi, asuba ta gagare shi. Mutanen masallaci suka fara tambayata ina yarona. Kunya ta kama ni, na kwashe maganin na kulle a akwatin kayan aikina. Uwarsa ta roƙe ni in fara gaya wa likita, na ce ba likita zan tambaya hukuncin salla ba. Sati uku yana gefena a sahu, ina jin daɗi. A sati na shida ya fita bayan azahar bai dawo ba. Washegari masunta suka tsamo shi a dam ɗin Gubi, ruwa ya kai masa ƙirji, yana cewa umartarsa aka yi ya shiga.

Ya yi wata guda a asibiti. Likita bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi da na zo da an rage maganin ko an canja wani. Limaminmu ma ya ce babu laifi a kan mara lafiya, da na tambaye shi tun farko.

Shekara huɗu ke nan. Bai koma makaranta ba, kuma ba ya karɓar magani ko ruwa daga hannuna, sai daga hannun uwarsa. Na gane ba sallarsa nake karewa ba, sunana nake karewa. Iyaye, idan ɗanku ya canja haka, ku kai shi asibiti da wuri, idan magani ya kawo matsala ku koma wurin likita. Ni yanzu da asuba takalmana nake riƙewa a hannu in wuce ƙofar ɗakinsa, don kada in tashe shi.