Takardar Yusufu Kafinta da Ban Kai Ba

Shekara arba'in da biyu ke nan da rasuwar Yusufu Kafinta, kuma abu guda nake so a ce ban yi ba: ƙaryar da na yi wa matarsa.

Yusufu mutumin Dahome ne, ɗan Katolika. Aikin ƙofofin bariki ya kawo shi Maigatari, a zamanin da nake kora jakuna zuwa Kano da kanwa. Rumfarsa na jikin tawa, akushi ɗaya muke ci. Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya miƙo mini takarda mai ɗauke da sunansa na baftisma.

Ya ce, "Malam Habu, ka kai wa Fada, limamin cocinmu, a Sabon Garin Kano, ya yi mini Mas. Ita ce addu'ar da muke yi wa mamatanmu. Kada ka bar ni haka."

Na ce, "Na ɗauka."

Bayan ya rasu, na je har bakin cocin. Ina tsaye sai na hango fataken Gumel biyu suna kallona. Na san kafin in koma gida labari ya riga ni, a ce Habu ya bi Nasara. Na cusa takardar a aljihu, na wuce kamar mai neman hanya. A gida na sa aka soya waina, na raba sadaka kamar yadda muke yi wa namu, na ce wa raina ai duk ɗaya ne.

Da kaka matarsa Mariya ta zo daga Damagaram don ta kwashe kayan aikinsa. Ta durƙusa ta ce, "Malam, an yi?"

Na ce, "An yi."

Ta yi ajiyar zuciya, ta yi ta sa mini albarka. Ban iya kallonta ba. Da wannan ƙaryar ta koma, ba ta sake neman a yi masa ba.

Yau mota na kai mutum Kano kafin azahar. Bara na shiga cocin da tsufana, ba wanda ya ko dube ni. Da Yusufu na nan, dariya zai yi mini. Fada ya tambayi sunan mamacin. Takardar kuwa gara ta cinye ta a rufin ɗakina, ban taɓa sa an karanta mini ba. Na ce Yusufu Kafinta kawai. Ya rubuta hakan, ya ce Allah ya san shi.

Ƙofofin da ya yi har yau suna rufuwa daidai. Mai karatu, in majinyaci ya ba ka saƙo, ka kai. In ba za ka iya ba, ka faɗa masa tun yana ji.