Katanga a Tsakiyar Burtali

Shekaru na yi a buron magajin garinmu ina ba da takardar izinin gini. Kafin in buga hatimi sai na hau moto na ga filin da idona, na tambayi ardo ko shanu na bi ta nan.

Da aka kawo tsarin ba da izini ta na'ura mai ƙwaƙwalwa, na gaya wa shugaban aikin, wani ɗan birni, cewa babu gurbin burtali a ciki. Ya ce, "Malam, wannan sai nan gaba. Ranar buɗewa ba ta ɗagawa." Sau uku ina faɗa, yana nuna mini jadawalinsa. Har fita duba fili ya soke, wai ɓata lokaci ne. Mutumin da bai taɓa taka kashin shanu ba!

Aka buɗe, aka tafa, ya koma birni. Da kaka garke ya sauko daga arewa, ya tarar da katangar bulo a hanyarsa. Shanu suka faɗa gonar wake.

Ardo ya zo buro, ko zama bai yi ba. Ya ce, "Malam, na'ura ba ta taɓa shan nonon shanuna ba. Kai ka sha."

Hatimina ne a takardar izinin katangar.