Ruwan Zafin Da Ban Ji Ba

Shekarun baya can, lokacin da wayar salula ba ta daɗe da shigowa Zuru ba, aka yi mini aiki a fuska. Yawancin waɗanda suka san ni yanzu ba su san haka ba, sai masu kaifin ido da kan tambaye ni tabon da ke gaban kunnena na hagu. Nakan ce ƙuna ce, in wuce. To ƙunar ce kuwa, ga yadda aka yi.

Ina koyarwa a wata firamare a lokacin. Wata ranar kasuwa ɗan kabu-kabu ya zubar da ni a hanyar Ribah, gefen fuskata ya daki dutse. Raunin ya warke, amma ɓangaren hagu ya saki. Kumatu ya zubo, baki ya karkace, ido ba ya rufuwa duka. In na sha ruwa sai ya biyo ta gefe. Shekara uku ina haka. Na daina shiga hoto, ko a bikin ƙanwata ni ce mai riƙe wa mutane jaka in za a ɗauka.

Yayana soja ne a Kaduna. Shi ya samo likitan da ya ce zai iya ɗage fatar da naman da suka saki, ya ɗinke su ta wajen kunne. Aka yi aikin lafiya. Ranar sallama likitan ya zaunar da ni ya jero dokoki: in riƙa kwanciya kai a sama bisa matasai uku, kada in sunkuya, kada in shiga rana, abinci mai laushi kawai, dariya ma a rage. Guda ɗaya ce ya maimaita har sau biyu, wato kada wani abu mai zafi ya taɓa wurin. Ya ce fatar barci take, ba za ta ji komai ba sai bayan watanni. Na ce na gane. Malama ce ni, ai ganewa sana'ata ce.

Na dawo jinya gidan mahaifiyata. A unguwarmu, duk matar da ta haihu ita ke mata wankan jego. Wanda ya yi targaɗe a gona, ko sojan da ya zo hutu da kumburarriyar gwiwa, wurinta ake kawo shi ta gasa masa da ruwan zafi. Kayan aikinta tukunyar ƙasa ce, da ganyen darbejiya, da wani tsohon zani da ta yayyage. Hannunta ya saba da zafi har takan tsamo tsumma daga ruwan da ke tururi ta matse, tana hira.

Da na gaya mata dokar likita sai ta ƙura wa fuskata ido. Fuskar ta kumbura kamar kabewa, ta yi baƙi-baƙi har wuya. Ta ce, "Shi likitan, uwarsa ba ta gasa shi ba da yana jariri?" Amma ta bi. Kwana shida tana dama kunu, ta fifita shi har ya huce, ta ba ni da ƙaramin cokali. Ta hana ƙanin babana shigowa, don shi ko gaisuwa ya yi sai mutum ya yi dariya. Sai dai na lura in ta zauna kusa da ni takan cusa hannayenta ƙarƙashin cinyarta.

Rana ta bakwai Lahadi ce. Da aka tashi daga coci matan zumunta suka zo dubiya, suka yi waƙa, suka yi addu'a. Za su tafi ke nan shugabarsu, wata dattijuwa, ta leƙa fuskata, ta juya ga mahaifiyata ta yi mata magana da Dakarci.

"Kwana nawa ke nan?"

"Bakwai."

"Kuma ba ki gasa ba? Kumburin da ba a gasa ba daskarewa yake, ya zauna ke nan. Ke da kike gasa 'ya'yan mutane, taki ɗiyar za ki bari?"

Mahaifiyata ta raka su har bakin ƙofa.

A nan ne nake son a faɗi gaskiya, don an daɗe ana ɗora mata abin da ba ita ta fara ba. Ni ce na ɗauko madubi. Shekara uku ina jiran fuska, abin da na gani kuwa ya fi na da muni. Tsoro ya kama ni sosai, na ce a raina in tsohuwar nan ta yi gaskiya fa? Duk karatuna ya tattara ya gudu. Na ce, "Mama, ki ɗan gasa mini. Kaɗan kawai."

"Ba ke kika ce an hana ba?"

"Mai zafi ya ce. Ɗumi-ɗumi ai ba komai."

Ta ɗora tukunya. Ta fara da ruwa mai ɗumi, ta ɗora tsumman a hankali ta ce, "Kin ji?" Na ce ban ji komai ba, ta ƙara. Ta ƙara ruwan zafi, ta sake tambaya. Na sake cewa ta ƙara. Ita a aikinta jikin mutum ne ke gaya mata inda za ta tsaya, in ya zabura to zafin ya isa. Ni kuwa ban zabura ba, ina kwance abina ina kallon rufin ɗaki. A karo na uku ta ce, "Ɗiyata, ashe ke jaruma ce, sojoji ma a nan suke ihu." Ni kuma na ji daɗin yabon.

Da la'asar ta kawo mini kunu, ta tsaya a kaina, kwanon ya suɓuce mata. Fatar gaban kunnena ta tashi, ta ɗuri ruwa kamar ƙwan zabo. Har a lokacin ban ji komai ba.

Washegari muka kama motar farko zuwa Kaduna, ni da ita. Likitan bai yi faɗa ba, ya tambaya kawai wa ya yi. Ta ce, "Ni ce." Na ce ni na sa ta. Ya dube mu duka, ya ci gaba da aikinsa. Ya ce ɗinkin bai buɗe ba, ɗagewar da aka yi tana nan, amma wurin da ya ƙone zai bar tabo. Wata biyu ana wanke mini shi. Kumburin kuwa ya sauka da kansa, kamar yadda aka gaya mini tun farko. Bakina ya daidaita ko da ba duka ba, idona yana rufuwa, ina shan ruwa kamar kowa.

Mahaifiyata ta kife tukunyar nan a bayan rumbu. Duk wanda aka kawo mata sai ta ce idonta ba ya gani sosai yanzu, a kai shi wani wuri. Na gaya mata ya fi a ƙirga cewa laifina ne. Amsarta ɗaya ce kullum: "Hannuna ne."

Haka aka tafi har na yi aure na haihu. Ta zo, ta ce a nemo wata ta yi mini wankan jego. Na ce in ba ita ba, ba wadda za ta taɓa ni. Kwana biyu muna wannan, a na uku da safe na ji tana hura wuta. Ta shigo da ruwan, ta tsamo tsumma ta matse, sai ta ɗora shi a kumatunta na hagu, daidai gaban kunne. Ta ɗan jira, sannan ta ɗora mini a baya.

Yau in wani ya ce mini ba ya jin komai, ba na saurin yarda cewa lafiya lau yake, ko da ni ce na faɗa wa kaina. Tabon ba ya damuna, ɗankwali ma na rufe shi in na ga dama. Ita kuwa ta koma aikinta tun daga ranar, kuma ba ta sake ɗora wa kowa tsumma ba sai ta gwada a kumatunta tukuna.

Bara na je barka a Sakaba, na tarar da wata matashiya da ta koyi aikin a hannunta tana gasa mai jego. Ta matse tsumma, ta kai kumatunta na hagu, ta jira. Na tambaye ta dalili, ta ce ai haka ake yi tun kaka da kakanni. Na gyara ɗankwalina na ce mata haka ne.