Ranar da Wayar Ta Yi Shiru

Ni ke riƙe da makullin ɗakin ajiyar allurar rigakafin yara a wani ƙaramin asibiti a Gidan Dare. Firjin yana da na'ura mai aiko saƙo a wayata. In an buɗe ƙofa ta yi ƙara, in an ɗauke wuta ta yi ƙara, ko ina sallah. Na yi haƙuri wata uku kafin na kai kuka wurin malamar da ke kula mana da kwamfuta.

Ta ce abu ne mai sauƙi. Akwai jadawali a cikin kwamfuta, in ta sa lokutan tashi daga aiki, na'urar za ta kama bakinta. Ta miƙo takarda in rubuta mata. Lokacin shekarata biyu a ajin yaƙi da jahilci. Na ja layuka bakwai da hannuna, na rubuta Jumma'a daga azahar har safiyar Litinin, ina jin daɗin yadda baƙaƙena suka tsaya. Ban ware wani saƙon da zai ci gaba da shigowa ba. Ita ma ba ta tambaya ba.

Jumma'ar da abin ya faru bazara ce. Bayan sallar la'asar ina zaune a zauren gidana a Runjin Sambo, maƙwabcina ya ce tun azahar babu wuta a garin nan kaf. Na ciro wayar. Babu saƙo ko ɗaya. A da shirunta lafiya ne. Yanzu ni na hana ta magana.

Na tari keke mai ƙafa uku, ina ta salati, ina tuna matan da za su yi layi ranar Litinin da goyo. Makullin sau biyu yana faɗuwa daga hannuna. Janareta ya mutu, ɗakin kamar tanda. Na durƙusa gaban firjin na karanta lambar: bakwai. An koya mini in ta wuce takwas, allurar ta lalace. Na ja igiyar janareta har kafaɗata ta riƙe. Da ya tashi, na zauna a ƙasa ina kallon lambar har ta sauko biyar.

Ranar Litinin na gaya wa malamar komai. Ta miƙo mini takardar nan, ta ce:

"Baba, laihina ne. Ƙara layi guda, na abin da ba a rufe wa baki."

Na karɓi biro, na rubuta: zafin firji.